Sarewar Azurfa a Gidan Ruwa

A gidan ruwa kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Aikinsa kula da injinan da ke tura ruwa cikin gari. Su uku ne, manya, masu koren fenti, a jere cikin wani dogon ɗaki da tagoginsa ke can sama kusa da rufi. Da safe yakan duba mai, ya taɓa jikin kowanne da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, sannan ya ja kujerarsa ta ƙarfe ya zauna yana sauraro. Ta kunne yake gane lafiyarsu. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan, ƙarar injin kuwa ta cinye masa rabin kunnen hagu. Matarsa, wadda ke koyarwa a firamare, har shi ma Malama yake ce mata, ta saba zagayowa ta damansa in tana da magana mai muhimmanci. In faɗa ne, sai ta tsaya ta hagu, ta ce hakan ya fi musu zaman lafiya.

Sarewar ta shigo hannunsa tun suna sabon aure. A lokacin suna haya a wani gida mai ɗakuna a jere, maƙwabcinsu kuwa wani tsoho ne da ake kira Saje, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa cikin 'yan badujala, masu kiɗan soja. Wata rana famfon tsohon ya ƙi rufuwa, Injiniya ya shiga gyara masa. Yana tsugune yana ɗaure bututu sai idonsa ya faɗa kan wani siririn baƙin akwati a ƙarƙashin gado.

"Baba, bindiga ka ɓoye mana a gida?"

Saje ya yi dariya, dasashinsa ya bayyana, don haƙoran gaba duk sun yi sallama da shi. Ya jawo akwatin ya buɗe. A ciki, kan wani shuɗin karammiski da ya koɗe, ga ƙarfe fari gida uku kwance, kowanne a raminsa. Tsohon ya harhaɗa su a hankali, sai ga doguwar sarewa ta azurfa, jikinta cike da maɓallai kamar gaban riga, biyar daga ciki da ɗan rami a tsakiyarsu. Ba a tsaye ake riƙe ta ba, a gicciye ne, ta wuce kafaɗar dama.

"Tun da haƙora suka tafi ta daina amsa mini," in ji Saje. "Gwada mu gani. Kada ka hura cikinta. Ka hura ta saman ramin, yadda yara ke yi wa bakin kwalba."

Mako biyu Injiniya ya yi yana hurawa, ba abin da ke fita sai iska. Kansa ya riƙa juyawa har sai ya dafa bango. Malama tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki ta ce, "Ni dai mai famfo na aura, ban san yaushe aka musanya mini da tayar da ta sace ba." A rana ta goma sha biyar sauti ya fito, siriri, mai sanyi, ya ratsa tsakar gidan. Matan da ke wanki suka ɗago kai. Shi kansa ya tsorata, ya sauke sarewar yana kallonta.

Saje ya koya masa abin da ya sani. Ya nuna masa yadda ake karanta rubutun kiɗa, baƙaƙen ɗigo a kan layuka biyar, kamar kaya a igiyar shanya. Ya koya masa kiɗan fareti, yana buga masa lokaci da cokali a jikin bokiti. Bayan shekara uku 'yar tsohon ta zo ta ɗauke shi zuwa garin da take aure. Ranar tafiya ya ajiye akwatin a kan tabarmar Injiniya, ya ce, "Can ba wanda zai buɗe ta. Ka riƙa share ta bayan ka gama, ba ta son yawu ya kwana a cikinta." Iyakar wasiyyar ke nan.

A gidan ruwa akwai sa'a guda da rana, tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, da tankunan gari ke cika, a kashe injina su huta. Shirun da ke biyo baya yana da nauyi, har mutum ya ji kamar an zare masa wani abu daga cikin kai. A wannan sa'ar hasken rana kan faɗa kan tafkunan tace ruwa da ke waje, ya tashi ya shigo ta tagogi, ya riƙa rawa a jikin rufi kamar an shimfiɗa kogi a sama. Nan Injiniya ke fito da sarewarsa. Shekara da shekaru yana busa wa injina uku kiɗan fareti, yana kallon ruwan haske yana kai da kawowa a kansa. Bai taɓa tunanin akwai abin da ya rage masa ba.

Sai aka kawo sabuwar mai shara, wata dattijuwa gajeriya mai faɗin kafaɗa, da kowa ke kira Iya. Ba ta da yawan magana, amma in tana goge daɓe takan yi waƙa ƙasa-ƙasa, ba don kowa ba. Wata rana da aka kashe injina, kafin ya buɗe akwatinsa, ya jiyo ta daga ƙarshen ɗakin.

"Tulu ya cika, hanya ta yi tsawo,
inuwa ta riga ni gida."

Hannunsa ya tsaya a kan makullin akwatin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara biyar, mahaifinsa ya ɗauko shi daga ƙauye ya dawo da shi gari, bai sake komawa ba. Fuskarta ta ɓace masa tuntuni, ba hoto, ba komai. Amma yanzu sai ya ji kumatunsa a manne da wani baya mai ɗumi, ga ƙanshin jiƙaƙƙen zane, ga ɗigon ruwa mai sanyi yana sauka a tsakar kansa, waƙar nan kuma tana fitowa daga cikin bayan, tana kaɗa masa haƙarƙari. Ba da kunne ya fara jin ta ba, da ƙirji ne.

Ya harhaɗa sarewar, ya lalubi sautukan ɗaya bayan ɗaya, ya busa. Iya ta jingina sandar gogewa da bango ta saurara har ya kai ƙarshe, sannan ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Ɗana, ita ce, amma ka sa mata kaki da takalmin soja."

"Na yi kuskure ne, Iya?"

"Ba kuskure. Ka dai taɓa ganin mace da ruwa a ka tana hagu-dama? Ai duk sai ya zube. Waƙar dawowa daga rafi ce. Lanƙwasa take yi, tana bin wuya."

Ta sake rerawa, ya kasa kunnen dama da kyau. Sai ya gane abin da take nufi. Muryarta ba ta tsalle daga wannan sauti zuwa wancan, zamewa take yi. Akwai ma wuri biyu da take tsayawa a kan wani sauti da babu shi a jikin sarewar, yana tsakanin maɓalli da maɓalli, inda maƙerin bai bar ƙofa ba. Sarewar Saje matakala ce, waƙar Iya kuwa gangare.

Ya kusa wata shida yana neman wannan gangaren. Ya gano cewa in ya ɗan mirgina sarewar zuwa leɓensa, sauti kan sunkuya, in ya mirgina ta waje ya ɗaga kai. Ya gano amfanin ramukan nan biyar da ke tsakiyar maɓallai, waɗanda Saje ya ce a toshe su ruf kada iska ta tsere: in ya ja yatsa a hankali ya buɗe rabin rami, sai sauti ya zame kamar ƙafa a laka. Duk abin da tsohon ya hana shi, shi ya koma yi. A gida Malama ta ce sarewar ta koyi kukan mage. Iya kuwa ba ta yabo. Takan ce, "Da sauran takalmi ƙafa ɗaya," ta ci gaba da gogewa. Ranar da ya samu, sai kawai ya ji muryarta ta shigo ta kwanta a jikin busar, suka tafi tare.

A nan ne ya lura waƙar ba ta ƙarewa. Takan hau, ta tsaya a sama kamar mai tambaya, sai Iya ta koma farko.

"Iya, ina sauran?"

"Akwai saura, amma ban iya ba."

"Kin manta ne?"

"Ban taɓa koya ba. Gidanmu na bakin rafi ne. Daidai nan nake shigewa gida, 'yan unguwar nesa su wuce da abarsu."

Ya yi dariya har da hawaye, amma abin ya zauna masa a rai. Yana tafe a keke sai ya ji waƙar ta hau ta tsaya, shi ma ya tsaya da taka feda.

A shekarar ne aka zubar da ruwan babban tankin ƙasa don a wanke shi, abin da ba a yi sai bayan shekaru masu yawa. Ma'aikata suka yi kwana huɗu suna kwashe laka. A rana ta biyar, lokacin hutun injina, Injiniya ya rataya akwatinsa ya sauka ta tsanin ƙarfe. Bai taɓa shiga ba. Wuri ne mai faɗin filin ƙwallo, ginshiƙai a jere sun ɓace cikin duhu, ruwa bai wuce idon sawu ba, sanyi kamar cikin randa. Ta ƙofar da ya shigo haske ya sauko a miƙe kamar wani ginshiƙin, ya tsaya a cikinsa.

Ya busa sauti ɗaya ya sauke sarewar. Sautin bai mutu ba. Ya tafi can cikin ginshiƙan, ya zagaya, ya dawo ta bayansa a hankali, ya fi yadda ya tafi taushi. Ya fara waƙar. Kowane sauti yana jiran ɗan'uwansa, na farko bai tafi ba na uku ya iso, har ya zama kamar mata da yawa ne ke tafe a layi cikin duhun, kowace da tulunta, wata na gaba wata na baya. Ma'aikatan da ke cin abinci a gindin tsani suka daina tauna. Daga sama Iya ta leƙo, kanta ya tare rabin hasken, ta saki murya ta bi.

Da suka kai inda waƙar ke tsayawa, suka yi shiru su biyu. Tankin bai yi shiru ba. Cikin amsawar da ke dawowa, Injiniya ya ji an sauko da sauti huɗu, a hankali, na ƙarshen ya ɗan karkace, kamar mai sauke kaya tana murmushi. Ta kunnen hagu ya ji su, wanda ba ya ji sosai. Ya tsaya ruwa na lasar ƙafarsa, har ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi gyaran murya ya ce, "Injiniya, biyu ta kusa."

Da yamma ya ba Malama labari. Ta ajiye jan biron da take duba littattafan yara da shi, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka ce kana da inna a ƙauyen nan, ƙanwar mahaifiyarka."

"In tana da rai."

"To, hutu saura mako biyu. Na gaji da zama da rabin waƙa a gidan nan. Ko wanke-wanke nake yi sai ta tsaya mini a maƙogwaro."

Mota biyu suka hau, ta biyun ta sauke su a bakin wata hanya, suka ƙarasa da ƙafa. Rafin na nan, amma an haƙa famfon tuƙa-tuƙa a tsakiyar ƙauyen, ba mai zuwa ɗibar ruwa can sai masu wanki. Inna tana da rai. Sun same ta zaune a inuwar ɗakinta, idanunta sun yi fari, hannuwanta kamar busassun rassa. Da aka gaya mata ko wane ne, ta kama fuskarsa tana shafawa, ta tsaya a kan kunnuwa.

"Kunnuwan Yaya ne," ta ce. "Kai ne ka yi furfura haka? To ni me ya rage mini?"

Bayan an gaisa an sha ruwa, ya buɗe akwatin. Ta ji ƙarar harhaɗawa ta tambaya ko allura zai yi mata. Ya busa waƙar tun daga farko, ya hau da ita, ya tsaya inda take tsayawa. Can sai leɓunan Inna suka fara motsi, wata murya siririya mai tsatsa ta fito ta ɗauka daga daidai wurin.

"Ku gaya wa mai jira a ƙofa,
ban tsaya hira da kowa ba,
ruwa ne ya riƙe ni yana ba ni labari."

Malama ta fito da takarda tana rubutawa da sauri. Kafin Inna ta rufe baki, wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga, maƙwabciyarta ce tun suna 'yan mata.

"Ba haka ba ne. Ba ruwa ne ya riƙe ta ba, ƙaya ce ta taka."

"A unguwarku dai. Ku da ma kullum cikin taka ƙaya kuke."

Maƙwabciyar ta zagayo ta zauna, ta rera nata, muryar ma ta bi wata hanya daban. Suka yi ta musu kamar jiya aka dawo daga rafin, Injiniya yana bin kowace da sarewa, kowace tana cewa nata ya fi dacewa da bakin ƙarfen. Da musun ya lafa, ya matsa kusa da innarsa.

"Inna, mahaifiyata fa, wanne take yi?"

"Yaya? Ba ko ɗaya. Ita ɓata waƙa take yi. In an zo ƙarshe sai ta ƙara wani abu nata, mu yi ta yi mata dariya."

"Kina tuna shi?"

Tsohuwar ta riƙa juya kai kamar mai neman abu a ɗaki. "Ya tafi," ta ce. "Ta tafi da abinta."

Ya ɗaga sarewar ya busa sauti huɗun nan da ya ji a tanki, ya karkatar da na ƙarshen yadda ya ji shi. Kaji na tono a gefe, wata akuya ta leƙo ta koma. Inna ta sa ya sake, ya sake.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, ɗana, ban sani ba," ta ce. "Amma ya yi kama da halinta."

Kwana uku suka yi. Kafin su tafi tsofaffin biyu sun zazzage masa waƙa goma sha ɗaya, ta niƙa, ta rarrashin yaro, ta korar tsuntsaye daga gona, har da wata ta zolayar suruka da Malama ta ƙi rubutawa, ta ce ta haddace. Da ya koma aiki ya busa wa Iya sauran waƙar, iri biyun duka. Ta saurara da sandar gogewa a hannu, ta ce na ƙaya ya fi kama da gaskiya, amma na ruwa za ta koya.

Daga nan ya bar kiɗan fareti, sai dai in jikoki sun roƙa. Labari ya bazu a unguwa cewa akwai mai neman tsofaffin waƙoƙi, mutane suka riƙa kawo masa. Mai gadi ya kawo ta kakarsa, mai sayar da gawayi ta kawo biyu, wani direba ya naɗo muryar gwaggonsa a waya. Malama tana rubuta baitocin da sunan wanda ya kawo, amma muryar ba ta rubutuwa a layukan Saje, don haka a kansa take zaune. Sau ɗaya wani ma'aikacin rediyo ya zo ya naɗi busarsa a tsakar gida. Da aka sa, zakaran maƙwabta ya fi shi fitowa, har yau kuma in sun haɗu da mai zakaran sai mutumin ya tambaye shi yaushe za su koma rediyo.

Ya yi ritaya a shekarar da aka kawo sababbin injina masu kunna kansu da kashe kansu. Inna ta rasu damina biyu bayan zuwansu, Iya ta koma wurin ɗanta. Yanzu numfashinsa ya gajarta, ba ya iya jan dogon baiti, sai ya riƙa yanka shi a inda mai waƙar ma za ta tsaya ta gyara ɗaurin zane.

Abin da ke gabansa a 'yan shekarun nan wata waƙar masunta ce da wani tsohon mai ɗinkin takalma ya rera masa sau biyu kacal kafin ya bar unguwar. A tsakiyarta akwai sauti ɗaya mai zurfi, wanda ya fi ƙarshen sarewar ƙasa. Ya rufe duk maɓallai, ya mirgina ta har ta kusa shiga bakinsa, bai kai ba. In ya ɗaga waƙar duka sama don ta samu wuri, sai ta daina kama da kwalekwale. Ya daɗe yana barin gurbin ba komai, ya yi shiru ya wuce.

Wata la'asar ana yayyafi, yana zaune a baranda, Malama na gefensa na dama tana gyaran maɓallin riga, ya busa waƙar har ya zo wurin gurbin. Maimakon ya yi shiru, sai ya saki sautin daga maƙogwaronsa, leɓensa na kan sarewar, muryar tsoho da iskar azurfa suka fita tare, da ɗan kaushi, kamar gindin jirgi ya gogi yashi. Ya ƙarasa waƙar. Malama ba ta ɗago ba, tana ta zura allura.

"Wannan kai ne ko ita?"

"Ni ma ban sani ba."

"To sake yi, ban ji da kyau ba. Ruwan nan ya cika surutu a kan kwano."

Ya share bakin sarewar da gefen riga, ya jira yayyafin ya ɗan sassauta, ya koma farko.